Katifar Talle da Dawuda

Talle mutumin Maraɗi ne, ya shekara tara yana hawan dabino a wata gona a bayan garin Riyad. Mutum ne da ko akuya ce ta taka shi, shi zai ba ta haƙuri. Masaukinsu kwantena ce ta ƙarfe, gado shida, mutum goma sha biyu: masu aikin rana su tashi, masu ban-ruwan dare su kwanta. Abokin katifarsa Dawuda ne, Bakatsine, mai ban-ruwan dare. Sun fi sanin warin juna da muryar juna.

Da zafin 2015 na'urar sanyi ta mutu. Mudir, mai kula da gonar, ya yi ta cewa "bukura", wato gobe, har sati uku. Wata azahar aka tarar da Dawuda ya cika a kwance, kwantena ta dafa shi.

Aka binne shi, amma katifa ta ƙi bushewa. Kullum Talle ya dawo da magariba sai ya same ta sharkaf da gumi, tsakiyarta a lotse. Ya shanya, ya juya, ya yi addu'a. Tsoro ya hana shi gaya wa kowa.

Sai ga mudir da sabon ma'aikaci, Inuwa. Ya nuna masa gadon, ya ce daga gobe nan zai riƙa kwana da rana.

Da safe Talle ya naɗe katifar ya ɗora a kai.

"Yaya Talle, nan ba a zanga-zanga," in ji wani ɗan ɗakinsu. "Kafil, mai gidan da ya kawo ka, zai soke maka iƙama, takardar zamanka."

"Ya soke. Ba za ta ci mutum biyu a idona ba."

Ba wanda ya bi shi. Ya kama titi zuwa ofishin ƙwadago, ruwa na ɗiga masa a wuya, silifa na tas-tas a bayansa. Bai waiwaya ba. Wani direba ɗan Sudan ya rage gudu ya ce, "Yalla, ku hau ku biyun."

"Mun gode, da ƙafa za mu je."

Jami'in da ya taɓa katifar ya daɗe yana goge hannu. Kafin sati aka rufe kwantenar. Inuwa na nan da ransa. Talle kuwa, kwana goma kafil ya ba shi ya tattara.

A Kano jirginsa ya sauka. Da motar Maraɗi ta shigo Katsina, garin su Dawuda, ya roƙi direba ya tsaya. Ya buɗe ƙofa, ya janye ƙafafunsa ya ba da hanya, ya jira kaɗan, sannan ya rufe.