Bindigar da Ba Ta Je Gindin Aduwa Ba

A unguwar Birni da ke Zinder, in ka tambayi maƙerar Dodo, kafin a nuna maka hanya sai an gargaɗe ka da bakinsa. Tsoho ne gajere, ya haura shekara sittin, ga faɗa kamar ana bin sa da wuta. Hauya da lauje da gatari su ne cinsa na yau da kullum, amma abin da ya kai sunansa har garin Dogo da Damagaram Takaya shi ne bindigar toka, irin wadda mafarauta ke ɗura wa albarushi ta baki. Ba ya taɓa ta kowa sai ya ga takardar permi, wato izinin hukuma, ba kuma ya barin bindiga ta fita hannunsa sai ta je gindin aduwa.

Aduwar tana can bayan gari, jikinta duk tabon wuta. Nan yake ɗaure kowace sabuwar bindiga, ya ninka mata albarushi, ya ɗaura igiya a kunama, ya koma bayan dutse ya ja. Sau uku yake yi. Wadda ta jure ta mai ita ce, wadda ta fashe kuwa ta fashe a fuskar itace. Mutane na cewa tsabar fitina ce. Waɗanda suka san Zakari ba sa faɗin haka.

Zakari yayan Dodo ne, uwa ɗaya uba ɗaya, maharbi a Gidimuni. Bindigar farko da Dodo ya ƙera yana saurayi, shi ya kai wa, yana ta rawar kai, ko gwada ta bai yi ba. A harbi na biyu ta tarwatse, ta tafi da idanun Zakari duka biyun. Shekara talatin ya yi ana jan sa da sanda, har Allah ya karɓi abinsa bai taɓa yi wa ƙanen nasa gori ba. Wannan shirun ne ya zame wa Dodo garwashi a ciki, shi ne yake fesa wa duk wanda ya zo masa da ganganci.

To, Zakari ya bar ɗa, Mala, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya gaji hannun ubansa ya kuma gaji taurin kan ƙanen uban. Daji ya ƙare, barewa sai a labari, don haka mafarautan Gidimuni suka koma gasa bayan kaka. A bakin tafki suke kafa sanda, su kifa gora a kanta, su auna taki ɗari da ashirin. Wanda ya fasa gorar shi maroƙa za su yi wa kirari har baɗi. Shekara uku a jere Mala na kuskuren gorar da faɗin ɗan yatsa, shekara uku ana yi masa dariya a kasuwa.

Ana saura kwana biyu gasar sai ga shi a kan kabu-kabu, da wani dogon abu naɗe a buhu. Ya durƙusa ya gaida tsohon, sannan ya warware. Bindiga ce doguwa ƙwarai, an shafe ta da baƙin fenti, an yi wa gindinta ado da farin ƙarfe.

"Baba, saitinta kawai za ka gyara mini. Bana gorar nan tawa ce."

Dodo ya karɓa. Bai dubi adon ba. Ya ɗaga bututun ya leƙa hasken rana ta ciki, ya ƙwanƙwasa shi da guntun ƙarfe ya kasa kunne, sannan ya sa farce ya kankare fentin a tsakiya. Sai ga tabon walda ya zagaye bututun kamar awarwaro.

"Wane ɗan iska ne ya haɗa maka wannan?"

"Wani yaro ne a bakin tasha, ya ƙware. Ya ce in ana son nisa sai tsawo."

"Tsawo! In tsawo ne harbi, ai da tabarya ta fi kowa kirari. Tiyon pampo ne wannan, guda biyu aka liƙa, ka ji kukansa kamar fasasshiyar tasa. Mai son harbin nesa bututu miƙaƙƙe yake nema, mai kauri, ƙarfe ɗaya tun daga baki har gindi, wanda zai zauna a kafaɗarsa ba rawa. Ga tawa can a rataye, ɗauki ka je da ita."

Mala ya dubi tsohuwar bindigar da ke jikin bango, gajera, duk ta dafe, ya taɓe baki. Ya riga ya zaga Gidimuni yana cika bakin ya samo wadda ba a taɓa gani ba, ina zai koma da wannan? Dodo ya ce to a kai sabuwar gindin aduwa. Mala ya ce a'a, ninkin albarushi zai lalata masa kaya. Nan fa tsohon ya fashe, ya zage shi tas har maƙwabta suka leƙo. Mala ya naɗe bindigarsa ya fita ba sallama.

Ranar gasa Dodo ya rufe maƙera, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba, ya sa igiya a aljihu ya hau motar Gidimuni. Ya iske bakin tafki cike, ana kiɗa, mata na guɗa. Ga Wasila matar Mala can gefe da goyo. An kira Mala, ya fito yana taƙama, yana shirin ɗura albarushi, sai ya ji an fizge bindigar daga hannunsa.

"Baba, a gaban jama'a?"

"A gaban jama'a za a ja ka da sanda in na ƙyale ka!"

Sarkin mafarauta ya matso zai ba da haƙuri, Dodo ya juya masa. "Kai ma kana nan ranar da aka ɗauko Zakari a kan jaki. Ka manta ne, ko so kake ka ƙara gani?" Sarkin ya sunkuyar da kai ya ja baya. Da ya ja baya kuwa ba wanda ya ƙara tsoma baki, don ba a shiga tsakanin uba da ɗa.

Babu aduwa a wurin, sai ya ɗaure ta a jikin wani gawo, bakinta na kallon ruwa. Ya ɗura mata irin ɗurinsa na ninki, ya kori mutane nesa, ya ja igiya. Ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi, tsuntsaye suka watse daga kan tafki. Da hayaƙin ya lafa sai ga bindiga garau. Jama'a suka kwashe da dariya, wani ya ce tsufa ne ke damun maƙerin. Mala ya miƙo hannu, idonsa jawur.

"Saura biyu," in ji Dodo.

Ya sake ɗurawa, ya sake ja. Wannan karon ƙarar daban ce. Bututun ya rabu daidai kan waldar, ya buɗe kamar ɓawon rake, wani ɓalli ya nutse a jikin gawon daidai inda kuncin mai harbi zai kasance. Wasila ta dafe kai tana salati. Kiɗa ya tsaya.

Kana tsammani Mala zai gode? Ina! Kururuwa ya yi, ya ce ninkin albarushi ne ya fasa ta, da ɗuri ɗaya da ta kai shi ga gorar. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa, Allah kaɗai ya sani. Wani mutumin garin Dogo ya cinye gasar, Dodo kuma ya koma Zinder ko ruwan gidan ɗan nasa bai sha ba.

Shekara huɗu ke nan Mala bai gaishe shi ba. In ya shigo gari sayen taki ko kai yaro likita, da gangan yake bi ta ƙofar maƙerar, ya tsaya ya zabga wa tsohon harara, ya wuce. Maƙwabta na jin haushi, suna cewa wannan rashin kunya ta yi yawa, a kira shi a ja masa kunne. Dodo ya hana. Duk ranar da Mala ya tsaya, sai ya ajiye guduma ya ɗago ya dube shi sosai, har sai ya ɓace a kwana.

Ran nan wani maƙwabci ya tambaye shi me yake kallo a fuskar mai hararar tasa. Dodo ya daka masa tsawa ya ce ya yi harkar gabansa. Sai da ya mayar da ƙarfe cikin wuta sannan ya ce, "Ya harare ni har in mutu. Da ido biyu yake hararar."