Kwalbar Malam a Firjin Madam

Ƙishirwa ce ta fara kama shi. Maigidana malamin firamare ne a bayan garin Kafanchan, mutum mai jiki, amma a damina ɗaya wandunansa suka daina zama a ƙugunsa. Yakan sha ruwa kofi bayan kofi, ya ce maƙogwaronsa a bushe yake. Da muka je asibitin mishan, likita ya ce ciwon suga ne, irin wanda sai da allura kullum har ƙarshen rai. Ya kuma gargaɗe mu cewa maganin ba ya son zafi.

A lokacin babu wanda zai ɗauke maka kuɗin asibiti. Abin da ke aljihunka da abin da ke gonarka, su ne gatanka. Gidanmu kuma ko wutar lantarki babu, balle firji.

Kusa da kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa akwai wata Inyamura, matar direban jirgi, mai shagon lemon kwalba. Kowa Madam yake ce mata. Tana da firji mai aiki da kananzir. Na je da kunyata na roƙe ta ta ajiye mana kwalbar maganin a ciki. Ba ta bari na gama magana ba, ta ture kwalaben lemo gefe ta ce, "Kawo, ga wurinsa nan." Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, ni ma "kai" take ce mini.

Tun daga ranar, kowace safiya Malam zai hau kekensa ya biya ta shagonta, ya zauna a benci bayan labule, ya yi wa kansa allura, sannan ya wuce makaranta. Ni kuwa na koma dafa tuwon acca da miyar karkashi, na daina sa suga ko a kunun yara don kada ransa ya biya. Jikinsa ya dawo. Har ya koma noman cittarmu ranar Asabar, yana waƙoƙin coci a bakin kunya da muryarsa mai kauri da ba ta taɓa dacewa da ta kowa ba.

Sai albashi ya fara tsayawa. Wata ya wuce, wani ya bi shi, malamai suna yajin aiki, maganin kuma kullum ƙara tsada yake. Na sayar da keken ɗinkina. Muka sayar da citta tun ba ta bushe ba. Zumuntar mata ta cocinmu ta yi mana karo-karo, amma su ma mazajensu malamai ne da ma'aikatan gwamnati.

Wata rana ina kasuwa Madam ta same ni, ta ja ni gefe.

"Matar Tica, kwalban mijinka ba ya sauka."

Na ce ban gane ba.

"Yana zuwa, yana gaishe ni, yana shiga bayan labule. Amma yau ya yi, gobe bai yi ba. Ni ina gani. Kada ka ce ni na faɗa."

Da ya dawo da yamma na bar shi ya ci abinci, yara suka fita wasa, sannan na zauna gabansa.

"Malam, me ya sa kake tsallake allura?"

Ya ce, "Maman yara, babbarmu za ta rubuta jarrabawa bana. In na shanye komai a allura, ita da me za ta tashi?"

Na ce, "Da uba za ta tashi!" Na yi faɗa, na yi kuka, ya yi mini alkawari. Na san ya yi ƙoƙarin cikawa. Amma akwai makonnin da ko kwalbar ma babu, sai ya biya ta shagon kawai don kada maƙwabta su gane.

Abin da ya kayar da shi ƙaramin abu ne. Fartanya ta ɗan yanke shi a yatsan ƙafa. Muka wanke, muka ɗaure, ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi ya fara hawa. Likita ya ce mu tafi babban asibiti a Jos ba tare da ɓata lokaci ba. Malam ya ce a jira a haƙe sauran cittar. Na bi dangi har Fadan Kaje, yayansa ya sayar da aladensa biyu, mijin Madam ya yi mana magana da wani mai mota. Kafin mu haɗa abin tafiya, zazzaɓi ya rufe shi. Mun isa Jos, ya yi kwanaki kaɗan, Ubangiji ya kira shi.

Ranar biso, da za a binne shi, ɗalibansa suka zo cikin yunifom, wasu babu takalmi, suka tsaya a layi suka yi waƙa. Babbarmu ta rubuta jarrabawarta bayan haka, ta ci. Yanzu ita ma koyarwa take yi, tana da tafiyarsa, ƙafa ɗaya tana ɗan buɗewa waje.

Har yau ban gama fushi da shi ba, kuma fushin bai rage mini kewarsa ba. Ina so ya ga jikokinsa. Ina so mu ƙarasa gardamar nan, ko da shi zai yi nasara. A cocinmu maza dama suke zama, mata hagu. Ranar Lahadi, in aka ce a gaisa da juna, nakan juya wajen bencin da ke kusa da taga, inda Malam yake zama a da, in ga wani saurayi da ban sani ba yana miƙa wa na kusa da shi hannu.