Garmahon Baba Issaka

Ina zaune a flat ɗin maƙwabcina Baba Issaka, mutumin Ghana, ya ɗora faifai a garmahonsa. Sauti garau, har numfashin mawaƙin ana ji.

Ni kuwa shekara biyu ina zuba wa nawa kuɗi. Na canza allura, na canza sifika, har tafiya Kano na yi cancel don in samu kuɗin gyaransa, amma muryarsa a shaƙe take.

Na ce, "Baba, nawa ka saya?"

Ya ce, "Ban saya ba. A bakin bola na tsinta, nan unguwarmu ta Tottenham. Gogewa kawai na yi."

Na ce masha Allah, amma ko shayin da ya ba ni ban iya shanyewa ba.

Jama'a, ku gaya mini gaskiya, wannan hassada ce ko?