Siket Mai Ninki Uku

A ƙauyenmu da ke gefen Tsamaye, da an gama yankan gero an ɗaure dammuna, 'yan mata kan yi rawar kaka a dandali da la'asar. Ni ke ɗinka musu kayan. Ba yabon kai ba, duk wadda ta kai nata wajen wani tela a fili ake gane ta, don na 'yan'uwanta na buɗewa, nata na tsaye kamar buhu.

Gwaggona ce ta koya mini. Yadi marar nauyi ake nema, ruwan ɗorawa, irin wanda fatake ke kawowa daga Maraɗi. A yanka shi gida takwas, sama a tsuke, ƙasa da faɗi, a bi tsakanin kowane gida da siririn jan ƙyalle. In yarinya ta juya, sai siket ya tashi ya baje kamar faifai. Dokokin gwaggo biyu ne. Na farko, a bar ninki uku a ƙasa, kowane faɗin yatsa uku, duk kaka a farke ɗaya, don yaro ba ya jiran kaya. Na biyu, ba a sa kayan rawa sai ranar da kalangu ya yi kira. Takan ce, "In ido ya riga kiɗi ganinai, ya zan tsumma." Na riƙe maganar nan tamkar karatu, kuma ni mace ce mai kafiya.

Shekarar da 'yata ta kai tara aka ce ta isa shiga layi. Na 'yan mutane na fara gamawa, nata na bari ƙarshe don in zuba masa duk abin da na iya. Sau biyu ina farke gida guda saboda ya karkace da abin da bai kai ƙwayar gero ba. Tana tsugune gefen keke tana tsince zare, tana tambayata, "Inna, yaushe za ni sa shi?" Ina ce mata, "Rana ba ta ƙarya, ki bari a yanke gero."

Ba mu yanke geron ba. Mutanen daji suka aiko cewa kowa ya fita harkar gonarsa, bayan kwana kaɗan kuma suka zo da kansu. Da hantsi muka bar garin. Na kwance kan keke na ɗora a kaina, ita kuma da na ce ta ɗauki abin da za ta iya, siket ɗin ta ƙulle a ɗankwali ta rungume. Ko takalminta ba ta ɗauka ba.

A Sabon Birni wata 'yar'uwar mijina ta ba mu ɗaki guda. Na koma facin tsofaffin riguna a bakin zaure. Wata rana da azahar na shigo neman allura, sai na tarar da ita ta sa siket ɗin, ita kaɗai a tsakar ɗaki, tana yi wa kanta kiɗi da baki tana juyi. Ya tashi kuwa. Gida takwas ɗin nan duk suka buɗe, jan ƙyallen ya haɗe ya zama zobe guda. Tunda nake ɗinki ban taɓa yin wanda ya kai shi ba.

Maimakon in tsaya in kalla, sai na daka mata tsawa. "Mi kika yi haka? Hidda shi maza! So kike ki ɓata shi tun ba a yi kiɗi ba?" Har da dundu a baya. Ba ta yi kuka ba. Ta cire, ta ninke shi yadda na koya mata, ta miƙo mini. A raina cewa nake adana mata nake yi, ai baɗi za mu koma gida.

Baɗi ta zo, na farke ninki ɗaya, na goge, na mayar cikin akwati. Wata kakar muna Isa, wajen ƙanena, na farke na biyu. Kowace shekara sai an ce hanya ta kusa gyaruwa, kowace shekara kuma sai mu ji wani ƙauyen ya tashi. Makaɗin garinmu ma an ce yana can Nijar yana sayar da ruwa. Ita dai ba ta ƙara tambayata yaushe ba.

Bara na farke na ukun. Da na shimfiɗa shi a tabarma na ga layi uku na sawun allura, kuma babu sauran abin da zan saki. Na kira ta. Ta shigo da hijabinta, ta kusa kamo ni tsawo. Na ce, "Ɗiyata, sa shi ki juya min sau guda. Ni za ni yi maki taɓi."

Ta dube ni, ta yi murmushi irin na tausayin babba. Don kada ta kunyata ni ta karɓa ta gwada, ya tsaya mata a cinya, ya ƙi hawa. Ta ce, "Inna, bar shi, na wuce nan. A ba wata."

Ban ba kowa ba, kuma ba zan bayar ba. Mutanen daji sun raba mu da gona da gida, wannan na bar su da Allah. Amma rawar 'yata sau ɗaya tak aka yi ta a duniya, a ɗakin aro, ba kalangu ba 'yan kallo sai ni, kuma ni na tsayar da ita.