Saƙon da ya tsaya a Shanga

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da abokin aikina, kwamfuta a cinyarsa kamar jariri. Hanya lafiya lau har Jega; daga Koko kuwa ramuka suka karɓe mu. Abin da ya fito da mu shi ne wata manhaja da ya rubuta wa ƙungiyar manoman albasa na bakin tafki, mai aika saƙon waya idan ruwa zai hau. Ruwa ya hau, mutanen Warra sun ce ba su ji komai ba.

A Yauri muka karya da soyayyen kifi, arha har mutum ya ji kunyar tayawa. Sakataren ƙungiya ya ce su kam saƙo ya iso.

A ofishinsa muka buɗe manhajar. A aikinmu akwai abin da muke kira daliget, wato ɗan aike a cikin manhaja. Iri biyu ne. Na farko gida ɗaya yake zuwa ya dawo maka da amsa. Na biyu jerin gidaje ake ba shi, yana bi ɗaya bayan ɗaya, amma in ya yi tuntuɓe a wani gida, nan zai tsaya, na gaba ba su san ya fito ba. Abokina na biyun ya zaɓa don ya fi sauƙin rubutu: Yauri, Shanga, Warra. Ran nan aiken Shanga ya ƙi fita, shi ke nan.

Ya gyara kafin azahar, kowane gari da ɗan aikensa. Ya so mu juya gida, na ce sai mun ga Warra.

Kwalekwale ya kai mu gonakin. Ba a ganin kunyar shuka ko ɗaya, sai ruwa. Wani dattijo a cikin kwalekwalen, wanda gonarsa ke ƙarƙashinmu, ya dube mu.

“Ku kunka ce na'ura za ta hwaɗa muna, shi ya sa ban tambayi masu jirgi ba.”

Abokina ya ce, “Baba, an gyara yanzu.”

“To, madalla. Albasar hwa?”

Na ji nauyi ƙwarai, na rasa inda zan sa idona.

Mun iso gida bayan isha'i. Abin da na koyo bai da yawa: in za ka tura ɗan aike ɗaya gidaje uku, fara tambayar wa ke ƙarshen layi, da abin da ya shuka.