Haladu Sarkin Gindin Gada

Haladu mutumin Zandam ne ta ƙasar Gwaram, kuma ba da niyyar zama ya shigo Birnin Kudu ba. A shekarar Udoji, lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasa, wani kamfani ya zo gina sabuwar gada a kan kogin da ke bayan gari. Haladu ya bar wa ƙanensa Ɗanbala gonar gado, ya zo ya kama leburanci. Burinsa in an gama aiki ya bi kamfanin zuwa Ikko, don an ce a can ko mai ɗaukar kwanon siminti yana da rediyo.

Saura wata biyu a gama, wani ƙarfe ya suɓuto daga sama ya sauka a kan ƙafarsa ta dama. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya haɗe amma a karkace. Ranar da motocin kamfani suka ɗaga, yana kwance yana jin ƙararsu. Zandam kuwa kunya ta hana shi komawa. Ya yi sallama da mutane irin ta mai tafiya birni, ga shi yanzu ko garma ba zai iya ja ba.

Gadar doguwa ce, tun daga kan tudu take tashi, saboda haka akwai fili mai faɗi a ƙarƙashinta wanda ruwa ba ya kaiwa. Nan kamfani ya jibge tarkacensa, gangunan kwalta da fasassun duwatsu. Haladu ya kafa bukkar zana a jikin wani ginshiƙi, ya kama tufkar igiya. Da zama ya ishe shi sai ya fara kwashe tarkacen yana jan ƙafa, yau ganga ɗaya, gobe tulin duwatsu. Ba don kowa ya yi ba, so yake jikinsa ya gaji ko zuciyarsa ta sake shi.

Wadda ta fara leƙowa ita ce Batulu, wata dattijuwa mai tallan fura da nono daga rugar Kangire. Ta sauke ƙwarya tana haki.

"Ɗan nan, inuwar nan ta wa ce?"

"Ta gwamnati ce, Inna. Ga ganga nan, zauna."

Washegari ta zo da wasu mata uku. Sai Salihu wanzami ya shimfiɗa buzunsa, Manu mai rake ya jingina daminsa. Kafin shekara biyu wurin ya zama dandali. Dattawa na dara da hantsi, 'yan mata na gaɗa da la'asar, da kaka kuma har dambe ake yi.

Ana nan sai ga wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da takarda, ya ce wutar masu suya za ta lalata ginshiƙai, kowa ya tashi. Maigari ya yi ta ba shi baki. Daga ƙarshe ma'aikacin ya yarda, amma da sharaɗi: mutum ɗaya zai dangwala yatsa cewa kullum yana wurin, kuma in wuta ta taɓa ginshiƙi shi za a kama.

Maigari ya dubi jama'a ya ce, "To, wa ya share wurin nan?"

Duk idanu suka koma kan Haladu. Ya dangwala. Nan take maigari ya kira shi Sarkin Gindin Gada, mata suka rangaɗa guɗa.

A shekara ta shida wata babbar mota ta tsaya a sama, direban ya gangaro. Barau ne, wanda suka yi leburanci tare, ya yi ƙiba har da agogo.

"Haladu, kana nan dai? Ana neman maigadi a garejinmu na Ikko. Zama ne kawai, ƙafa ba ta hanawa. Jibi da hantsi zan dawo daga Maiduguri. In ka ji oda sau uku, ka hawo."

Haladu ya wuni yana neman wanda zai gaje shi a takardar. Salihu ya ce shi da ke bin gida-gida yin aski, ina zai iya? Manu ya ce da an yi ruwan shuka garinsu Sara zai koma. Maigari ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Sarki, ba zan hana ka ba. Amma kafin mako 'yan hukuma za su zo su zagaye wurin da waya."

Batulu ba ta roƙe shi ba. Ta dama masa fura ta miƙa, ta ce, "Je ka abinka, ɗan nan. Rana ai mun saba da ita." Wannan maganar ta fi duk sauran yi masa nauyi.

Ran jibin ya ɗaure ƙunshinsa tun da safe. Oda ta tashi sau uku. Ya ɗauki sanda, ya ratsa ta cikin mutane, ba wanda ya iya ɗaga kai ya dube shi. Ya kai gindin gangaren ke nan sai ya ji ƙaurin hayaƙi. Wata baƙuwa mai gasa masara ta hura wuta daf da ginshiƙi, bakin wutar har yana lasar siminti. Ya tsaya yana jira wani ya yi mata magana. Ba wanda ya motsa, duk sun saba aikinsa ne. Oda ta sake tashi. Haladu ya ajiye ƙunshin, ya juyo yana ɗingishi.

"Baiwar Allah, ba a wuta a nan. Matsar da ita can bakin yashi."

Yana taya ta kwashe garwashi ya ji gadar ta girgiza a bisa kansa. Motar ta wuce.

Daga ranar ya rage magana, ya kuma daina ɗaga kai in mota ta tsaya. Ya auri wata bazawara, Hapsatu, ba su haihu ba. Ɗanbala kan kawo masa damin dawa duk kaka, ya ce ya zo ko sallah ya yi a gida, shi kuwa ya ce sai ya samu wanda zai bar wa wurin. Da zazzaɓin ajali ya kwantar da Haladu a wata damina, kwana tara ya yi yana tambayar ko an yi shara. Ranar jana'izarsa a gindin gadar aka yi sahu, mutane har bakin ruwa.