Baffa Ya Sauka, Ya Tafi Zungur

Ranar nan ina shara a falo talabijin na kunne, sai ga wasu manya biyu cikin kwat suna musabaha. Ɗaya ne ke miƙa wa ɗaya shugabancin wata ƙungiyar ƙasashe, kowa na yabon kowa kamar ba su taɓa saɓawa ba. Na ajiye tsintsiya na kashe. Na san irin wannan ladabin, a gidanmu na gan shi, kuma shi ya raba mu da Baffa.

Baffa mahaifina ne. Ya shugabanci ƙungiyar fataken shanu da ke sauke kaya a nan Bauchi, 'yan Nijar da 'yan Chadi da 'yan Kamaru da namu na gida. Shugabancin zagayawa yake yi ƙasa-ƙasa. Lokacin ina sakandare zaurenmu ba ya rabo da baƙi, ka ji Larabci, ka ji Fillanci, ka ji Hausar da ake ce wa mace "ya zo". Motar da aka tsare a kan iyaka, bijimin da ya mutu a hanya, dillalin da ya yi ha'inci, duk a zauren nan maganar ke ƙarewa. Ni kuwa ba abin da nake gani sai tulin kwanukan da ke jirana.

Da zagaye ya zo kan Chadi, sai suka fitar da wani dogo mai rawani, wanda ya taɓa miƙewa a taro ya ce Baffa ya cika sanyi, ana cutar mutanensa yana kallo. Ranar miƙa shugabanci mu mata muna leƙe ta bayan labule. Baffa da hannunsa ya dafa shayi ya ba shi kofin farko. Ya tashi daga buzunsa ya zaunar da shi, shi kuma ya koma bakin ƙofa kusa da takalma. Daga can ya shiga yabonsa, wai mutum ne mai faɗin gaskiya, ƙungiya ta yi dace. Na ce wa Inna, mahaifiyata, wannan ai ƙarya ce ake shararawa da rana tsaka. Ta mintsine ni ta ce in kama bakina.

Ashe da saura. Al'adarsu, wanda ya sauka ba ya zama a gari, don kada mutane su riƙa tsallake sabon suna kawo masa ƙara. Sai ya ja jiki, har sabon ya aika masa cewa shi ya zauna da gindinsa, tsohon ya dawo. Baffa ya ɗauki 'yar jakarsa ya tafi Zungur wajen yayansa mai kiwo. Ya ce mana kafin a yanke gero yana gida. An yanke geron, an cinye, an sake shuka wani.

Da na gaji na hau acaɓa na same shi. Yana gindin tsamiya yana tufkar igiya, ya yi baƙi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba. Na gaya masa gwiwar Inna ta tashi, ƙanena ya sauke Alƙur'ani an yi walima ba uba, ya taso mu tafi.

"Sabon shugaban ne ya aiko ki, Uwata?"

"Ni na aiko kaina."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in ya shiga gari ba aike, ya nuna mutumin ya kasa ke nan, kuma 'yan Chadi ba za su ɗauka da shi kaɗai ake ba, ƙasarsu aka raina. Ya sa aka ba ni nono a galan, ya rako ni bakin titi.

Washegari na nufi Tirwun inda dogon ya gina gida. Na zo da faɗa a bakina, sai ya miƙe tsaye don ni, ya sa aka shimfiɗa mini darduma, ya tambayi lafiyar Baffa har da ta shanunsa. Na ce ba wannan ta kawo ni ba, me ya hana shi aikawa.

"Baffanki babba ne, 'yata. Ni yaro, yaya zan aika in ce babba ya zo? Gari nasa ne. In ya shigo, ni zan tarye shi."

Na ce to ya ba ni wannan maganar in kai. Ya ce irin wannan saƙo ba a ba 'yar mutum, sai dattijo, tura dattijo kuwa kira ne, shi kuma ba zai kira wanda ya girme shi ba. Na ce shi da Baffa duk kanwar ja ce. Ya ce na gode. Ya ɗauka yabo ne.

Na koma Zungur na faɗa wa Baffa yadda muka yi. Ya jinjina kai ya ce lallai mutumin ya san girma, sannan ya ci gaba da tufkarsa.

Yanzu an fara cewa zagaye ya kusa zuwa kan Kamaru. In dogon ya sauka, shi ma barin garin zai yi, kuma ban san wa zai rage da ke da bakin cewa Baffa ya dawo ba. Inna ta daina zancen, ranar Juma'a take dafa masa tuwo a kai masa Zungur. Ni dai abin da nake so bai taka kara ya karya ba. In ji gyaran muryarsa bayan la'asar yana cewa Uwata a kawo garwashi, ni kuma in ce ina zuwa, in yi zamana sai ya sake kira.